Tsagewar Cikon Tayil a Falona: Bayanin Aiki Daga Hunturu Zuwa Bazara

Asabar, 16 ga Disamba, 2023

Mai saka tayil ya kammala shimfiɗa tayil ɗin falo ranar Alhamis da yamma, kuma da asubahin Juma'a ya tafi wani aiki a wajen Kano, ya bar mini tsakanin tayil ɗin babu ciko, da alkawarin zai dawo bayan mako uku. Tun da kayan ɗaki suna jibge a tsakar gida ƙura tana hawansu, na yanke shawarar yin cikon da kaina. Falon mita 5 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, tayil ɗin kuwa mai santimita 60 a kowane gefe ne, kaurinsa milimita 9, irin mai ƙarfin nan da 'yan kasuwa ke kira foselin. Kwali 15 na saya, kowane kwali da guda 4 a ciki, an yi aiki an bar guda 3 cikakku da tarin guntaye. An ɗora shi ne a kan kwaɓin siminti da yashi mai kauri kamar yadda aka saba yi a nan, an kuma bar tazarar milimita 3 tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa.

Na yi aikin yadda na sha ganin ana yi a gine-gine. Na sayi farin siminti kilo 5 a wani shago na unguwa, na dama shi a bokiti da ruwa har ya yi ruwa-ruwa kamar koko, na riƙa kwarara shi a ƙasa ina tura shi cikin layukan da tsohon silifas. Da ya fara kauri a bokitin sai in ƙara masa ruwa in juya. Bayan na gama na bi falon da soso jiƙe sharkaf har sau uku, sannan na buɗe tagogi biyu da ƙofar baranda domin iskar hunturu ta busar da shi da wuri. Kafin magariba layukan sun yi fari tas, kuma na kwanta da farin ciki.

Talata, 19 ga Disamba, 2023

Da safe uwargida tana shara ta kira ni ta nuna mini wani farin gari da tsintsiya take fitarwa daga cikin layukan. Na durƙusa da fitilar waya na duba, sai na ga cikon ya tsattsage a wurare da yawa. Wasu tsagogin sirara ne kamar silin gashi, suna ratsa layin ta faɗinsa kowane ɗan taƙi; wasu kuma suna bin gefen tayil ɗin a tsaye, inda cikon ya rabu da bakin tayil gaba ɗaya. Kusa da ƙofar baranda akwai wurin da ya rufta ciki ya bar rami, na sa farce na kankara sai ya marmashe kamar alli. Kwana uku kacal da yin aikin.

Laraba, 20 ga Disamba, 2023

Na sake dama farin siminti na shafe saman duk inda na ga tsaga. Aikin bai ɗauke ni awa ɗaya ba.

Asabar, 23 ga Disamba, 2023

Facin ranar Laraba ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, tsagogin kuma sun fito a daidai inda suke tun farko. Bayan sallar la'asar na roƙi wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru da dama yana gini kafin ƙafa ta hana shi hawa tsani, ya shigo ya duba mini. Bai ce komai ba da farko. Ya karɓi mukullin ƙofa daga hannuna, ya zauna a ƙasa, ya riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, tsakiya da kusurwoyi huɗu, yana kasa kunne. Yawancinsu sun ba da sauti a dunƙule, amma guda biyu da ke bakin ƙofar baranda sun yi ƙara irin ta ganga.

Ya ce, "Malam, waɗannan biyun ba su zauna ba, akwai kogo a ƙarƙashinsu. Ko sau ɗari ka cike gefensu, ranar da aka taka za su motsa, cikon ya fashe."

Na ce, "To Baba, sauran wuraren fa da babu kogo?"

Ya tambaye ni yadda na yi damun, na faɗa masa ban rage komai ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ruwa ya yi yawa, kuma ka sakar masa iska. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so har ya kama. Sannan kwana biyu da ɗora tayil a kan kwaɓi mai kauri haka, ai ƙasan ma bai gama zama ba."

Kafin ya tafi ya sa na ɗauko alli, muka bi falon layi-layi muna yi wa kowace tsaga alama gwargwadon siffarta: gicciye ga sirara masu ratsa layi, da'ira ga wuraren da suka rufta, doguwar lanƙwasa ga masu bin gefen tayil. Da muka miƙe muka dubi falon daga bakin ƙofa, sai abin ya fito fili. Masu gicciye sun bazu ko'ina amma sun fi yawa a ƙarƙashin tagogi, inda iska ta fi bugawa. Masu da'ira ba su da tsari, nan da can ne. Masu bin gefe kuwa sun taru a wuri biyu kawai, wato kewayen tayil biyun nan masu kogo da kuma jerin da ke manne da bangon yamma. Ashe ba cuta ɗaya nake fama da ita ba, shi ya sa magani ɗaya bai yi aiki ba.

Lahadi, 24 ga Disamba, 2023

Na zauna da biro da takarda domin in gane dalilin ruftawar masu da'ira. Layukan da ke bin tsawon falon guda 6 ne, kowanne mita 5, wato mita 30. Masu ratsa faɗinsa guda 8 ne, kowanne mita 4, wato mita 32. Jimilla mita 62 ke nan. Idan aka ninka wannan da faɗin milimita 3 da zurfin milimita 9, ramin da ya kamata a cike ya kai kimanin lita 1.7, wanda zai ci garin siminti kusan kilo biyu da rabi ko da ba a lissafa wanda soso zai kwashe ba. Na ɗora ragowar farin simintin a sikelin da uwargida take awon fulawa, sai na tarar duk da facin ranar Laraba abin da na ɓatar bai wuce kilo ɗaya da rabi ba.

Ma'anar wannan ita ce layukan ba su cika ba. Na tono wani wuri da ƙusa don in tabbatar, na sami cikon bai fi kaurin milimita 2 ba, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙura da ɓurɓushin yashi, a wani wurin ma har da 'yar robar nan mai siffar gicciye da ake sawa don daidaita tazara, wadda ban cire ba. A wasu wuraren kwaɓin da aka ɗora tayil a kai ne ya tuttuɗo ya cike layin kusan zuwa sama ya daskare. Abin da masu sana'ar suka yarda da shi shi ne ciko ya shiga aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin tayil, wato milimita 6 a nawa. Ni kuwa rufi kawai na yi wa rami, kuma rufin da babu abin da ya tokare shi ta ƙasa dole ya faɗa idan ƙafar kujera ta hau kansa.

Asabar, 30 ga Disamba, 2023

Ba zan sake taɓa falon ba sai na gwada a wani wuri. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo garin ciko na musamman da ake sayarwa a leda, wanda ake rubuta wa girawut, mai launin toka-toka kilo 5, na kuma duba jikin ledar na tabbatar tazarar milimita 3 tana cikin abin da aka yi shi dominsa. Wannan dubawa tana da muhimmanci, domin garin iri biyu ne: akwai mai laushi wanda babu yashi a cikinsa, na layukan da ba su kai milimita 3 ba, akwai kuma mai yashi na layuka masu faɗi. Na matsa ledar da hannu ta kowane gefe don in ji ko akwai dunƙule a ciki, saboda garin da ya sha raɓa a shago ya riga ya fara kamawa, ba zai yi ƙarfi ba. Na haɗo da buhun gam ɗin tayil ƙarami, da cokali mai haƙora, da katakon ciko mai roba a ƙasansa, da safar hannu.

Da na dawo na liƙa guntayen tayil a kan wani tsohon falankin kankare a bayan gida, na fitar da layuka huɗu masu tazarar milimita 3, zan bar su kwana biyu gam ɗin ya kama.

Litinin, 1 ga Janairu, 2024

Na cike layukan gwajin. Na farko farin siminti ne zalla mai ruwa-ruwa, kamar yadda na yi a falo. Na biyu farin siminti zalla amma mai kauri. Na uku farin siminti da yashi mai laushi da na tankaɗe da rariya, awo ɗaya-ɗaya, shi ma mai kauri. Na huɗu garin leda, da ruwan da aka rubuta a jikinta, na auna shi da kofin awo. Kowane layi na raba shi biyu, rabi na bar shi a buɗe iska tana bugunsa, rabi na rufe da jiƙaƙƙen buhu.

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Sakamakon gwajin ya fito sarai. Layi na farko ya tsage a ɓangarorin biyu, sai dai wanda aka bari a buɗe ya fi lalacewa, har farce yana kankare shi. Na biyu ya yi sirarun tsagogi biyu a ɓangaren da ke buɗe, wanda aka rufe kuwa lafiya lau. Na uku da na huɗu babu tsaga ko ɗaya, amma da na gwada su da bakin ƙusa, ɓangaren da aka rufe ya fi tauri, musamman a na uku.

Yanzu na fahimci maganar Baba. Siminti yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, haɗuwar da take ci gaba kwana da kwanaki, shi ya sa ake auna cikakken ƙarfin kankare a kwana 28. Ruwan da wannan haɗuwa take bukata kaɗan ne. Duk abin da aka ƙara a kai domin damu ya yi sauƙin zubawa, fita zai yi daga baya, kuma idan ya fita sai ya bar ƙananan kofofi a jikin cikon, cikon ya tsuke. Tun da gefunansa biyu suna manne da tayil da ba ya motsi, babu inda tsukewar za ta tafi sai ta yaga shi. Yashi ba ya tsukewa, don haka idan yana cikin damun sai ya zama kamar ƙashi da ke riƙe jiki, shi ya sa siminti zalla ya fi kowanne saurin tsagewa. Iskar hunturu kuma ta zo ta kwashe har ruwan da ake bukata kafin ya gama aikinsa, abin da ya sa saman ya zama gari. Ƙarin ruwan da na riƙa yi wa bokiti bayan damun ya fara kamawa, da wankin da na yi da soso mai ɗigar ruwa, duk sun ƙara raunana shi.

Na zaɓi garin leda, ba don na uku ya gaza ba, sai don launinsa zai fito iri ɗaya a duk falon, kuma toka-toka zai fi fari jure ƙurar garin nan.

Lahadi, 14 ga Janairu, 2024

Jiya da yau ni da ƙanena muka yi ta tonon tsohon cikon, kuma wannan shi ne aiki mafi wahala tun da aka fara. Maƙwabta sun ba da shawarar a kawo injin yankan tayil a bi layukan, na ƙi, domin faifansa ya kusa cike tazarar milimita 3, kuskure kaɗan zai gutsure bakin tayil, ga kuma ƙurar da yake tayarwa wadda shaƙarta take cutar da huhu. Mun yi amfani da guntun zarton ƙarfe da muka naɗe wa tsumma a matsayin mariƙi, da wata 'yar wuƙa mai ƙugiya. Inda cikon ya yi laushi yana fita da ja ɗaya. Inda kwaɓin ƙasa ya tuttuɗo ya daskare, nan ne gizo yake saƙa, sai an yi ta gurzawa a hankali ana jan zarton zuwa jiki, ba a danna shi gefe. Na yanka wani ɗan tsinke na yi masa alama a milimita 7, duk inda muka tona sai mu zura shi mu ga ko ya nutse zuwa alamar. Mun fitar da robobin tazara fiye da ashirin. Duk da taka-tsantsan na gutsure bakin tayil ɗaya a kusurwar gabas, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, a wurin da kujera za ta rufe.

Da muka gama muka share da buroshi mai tauri, muka bi kowane layi da injin zuƙar ƙura da na aro. Gwiwoyina sun yi tsami ƙwarai, kuma ranar farko da na yi sakaci da safar hannu fatar yatsuna ta tsattsage, domin siminti yana cin fata.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Yau na cire tayil biyun nan masu kogo, Baba yana zaune a kujera yana duba ni. Ya hana ni sa kurfi ta gefe in ɗaga, ya ce hakan zai fasa maƙwabtansu. Tun da layukan kewaye a tone suke, na shimfiɗa tsumma a kan tayil ɗin, na doki tsakiyarsa da guduma har ya fashe, sannan na riƙa ɓamɓarar gutsattsarin daga tsakiya zuwa gefe. Abin da na gani a ƙasa ya isa bayani. Bayan tayil ɗin fes yake kamar yanzu aka fito da shi daga kwali, simintin bai kama shi ba sai a wurare ƙalilan, kuma a kusurwar da ke fuskantar ƙofa kwaɓin ya yi ƙasa har ana iya zura yatsa. Irin wannan tayil ba ya shan ruwa sai abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, saɓanin siramik na da wanda ake jiƙawa a baho kafin a ɗora, don haka siminti zalla ba ya samun inda zai riƙe shi da kyau. Ban ga laifin mai aikin sosai ba, domin hanyar da ya gada ke nan, kuma ta yi aiki a sauran falon. Amma da na san haka tun farko da na sayi gam na ba shi.

Na sassaƙe saman kwaɓin kaɗan domin gam ya sami wuri, na cike inda ya yi ƙasa, na share, na shafa gam da cokali mai haƙora layukan suna fuskantar gefe ɗaya, na kuma shafa siriri a bayan sabon tayil ɗin. Da na ɗora sai na ɗan ja shi gaba da baya don haƙoran gam ɗin su kwanta iska ta fita, na daidaita shi da maƙwabtansa da dogon katako. Guda ɗaya ya rage mini a ajiya.

Asabar, 27 ga Janairu, 2024

Sauran tsagogi masu bin gefe su ne na jerin bangon yamma, inda babu kogo amma cikon ya rabu da tayil. Da na duba sosai na ga an tura tayil ɗin har ya taɓa bango, inda ya rage ɗan fili kuma an toshe shi da siminti. Wannan gefen ne rana take shigowa ta ƙofar baranda daga azahar zuwa la'asar sakaliya, ƙasan ya yi ɗumi, da dare kuma sanyin hunturu ya sauka. Tayil yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. A tsawon mita 5 motsin bai kai milimita ɗaya ba, amma idan babu inda zai tafi, mafi rauni a wurin shi ne zai ɗauki nauyin, wato ciko. Idan abin ya yi tsanani kuma tayil ɗin kansa ne yake tashi ya yi tozo a tsakiyar ɗaki, kamar yadda na taɓa gani a wani masallaci. Ƙa'idar da masu sana'ar tayil suke bi a Amurka ita ce a bar fili a duk kewayen ɗaki, a kuma sa layi mai laushi kowace mita 6 zuwa 7 da rabi a cikin gida, ko kowace mita 2.4 zuwa 3.6 a inda rana take bugawa.

Na yi sa'a ba a riga an sa sikatin ba, wato siririn tayil ɗin da ake jerawa a gindin bango. Na tone simintin da ke tsakanin tayil da bango a duk kewayen, inda tayil ya taɓa bango kuma na sassaƙe filasta ta ƙasa maimakon in yanki tayil, har na sami fili na kimanin milimita 6. Wannan filin ba za a cike shi da siminti ba, sikatin ne zai rufe shi. Na kuma ware layi na huɗu daga bangon yamma, wanda yake kusan iyakar inda rana take kaiwa, zan bar shi babu ciko domin silikon, wato wani ciko mai laushi kamar roba da ke jure motsi.

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

An yi sabon ciko yau. Na fara bayan sallar asuba, tagogi da ƙofofi a rufe, fanka a kashe. Na goge layukan da soso mai ɗan danshi domin kada busasshen kwaɓin ƙasa ya tsotse ruwan cikon, na jira har babu ruwa a kwance. Ina dama kilo ɗaya ne kawai a lokaci guda, ruwa a fara zubawa a roba sannan gari a kai, ina juyawa a hankali har ya yi kauri kamar tuwon da bai gama sulala ba, wanda idan aka ɗebo a cokali aka kifa ba zai zubo nan take ba. Sai in bar shi minti biyar kamar yadda aka rubuta a ledar, in sake juyawa ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba. Wannan ɗan hutun yana ba garin damar jiƙa sosai, kuma na lura damun yana yin santsi bayansa.

Ina danna shi cikin layi da katakon roba a karkace, ina ratsa layin ta kusurwa ba ta tsawonsa ba, domin idan aka bi tsawonsa bakin robar yana kwashe abin da aka zuba. Kowane wuri sai na bi shi sau biyu ko uku har na ji ya ƙi karɓa. Ƙanena yana biye da ni da tazarar kamar minti ashirin, ba ya fara goga sai ya taɓa cikon da yatsa ya ga bai manne masa ba. Bokiti biyu ne a gabansa, ɗaya na wanke soso ɗaya na ɗauraya, kuma na ce masa ya matse soson har sai ya daina ɗiga, shafa ɗaya ya juya, shafa ɗaya ya wanke. Sau ɗaya damu ya fara tauri a roba kafin in gama da shi, na zubar na dama sabo. Mun gama kafin azahar, da yamma kuma muka goge hazon da ya rage a fuskar tayil da busasshen tsumma. Na auna ragowar garin, an ɓatar da kilo 3 da ɗan ɗoriya, wanda ya yi daidai da lissafina na watan Disamba idan aka haɗa da abin da soso ya kwashe da wanda na zubar.

Laraba, 7 ga Fabrairu, 2024

Tun daga ranar Lahadi nake fesa wa layukan ruwa kaɗan safe da yamma da abin feshi, falon a rufe, ba mai shiga sai ni, ni ma a kan tsakiyar tayil nake taka ƙafa. Babu tsaga ko ɗaya. Aibi ɗaya na gani: a kusurwar kudu launin ya fi na sauran haske na tsawon kamar mita ɗaya, kuma ƙanena ya ce a nan ne ya fara goga kafin hannunsa ya saba da matse soso. Na gwada wurin da ƙusa, da ƙarfinsa, don haka zan bar shi.

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Na sa silikon mai launin toka a layi na huɗu. Na liƙa salatif ɗin takarda a gefe biyu, na tura siririn igiyar soso a ƙasan layin domin silikon ɗin ya kama gefunan tayil kawai kada ya manne da ƙasa, na matsa shi, na lallaɓe da yatsa, na cire salatif ɗin tun bai bushe ba. Sai mutum ya durƙusa zai bambanta shi da sauran layukan. Mai tayil ya dawo a makon nan ya sa sikatin, na tsaya a kansa har ya gama domin kada ya sake toshe filin bango, ya ɗaga sikatin ɗin kaɗan daga fuskar tayil muka cike tsakanin da silikon. Da farko bai ga amfanin hakan ba, amma da na nuna masa gutsattsarin tayil ɗin da na cire da bayansu fes, ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya tambaye ni inda na sayi gam ɗin.

Asabar, 9 ga Maris, 2024

An mayar da kayan ɗaki tun makon jiya, muna shirin azumi. Yau na ga tsaga guda ɗaya, miƙaƙƙiya, a layin da ke bakin ƙofar da ta haɗa falo da lungun ɗakunan kwana. Na ƙwanƙwasa tayil ɗin gefe biyu, babu kogo, cikon kuma da taurinsa. Na tuna cewa lokacin gini ba rana ɗaya aka zuba kankaren falo da na lungun ba, kuma mahaɗarsu a daidai bakin ƙofar nan take. Kankare biyu da ba a zuba tare ba kowanne motsinsa daban, don haka duk abu mai tauri da aka ɗora a kan mahaɗarsu zai tsage. Allah ya sa layin tayil ya faɗo a kanta, da tsakiyar tayil ne ya hau wurin da shi ne zai fashe. Na tone layin, tsawonsa santimita 90, na mayar da silikon.

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Na jira zafin bazara ya yi tsanani kafin in sake dubawa, domin yanzu ne ƙasan gefen yamma yake ɗaukar zafin da ƙafa ba ta jurewa da la'asar. Na janye kujeru da darduma, na bi layukan 14 da fitila ɗaya bayan ɗaya, na kuma ƙwanƙwasa kowane tayil da mukulli. Babu sabuwar tsaga, silikon ɗin layi na huɗu da na bakin ƙofa suna nan a manne. Na ji ɗan sautin kogo a kusurwa ɗaya ta wani tayil da ke ƙarƙashin tagar arewa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, cikon kewayensa kuma lafiya. Na rubuta wurin a bayan wannan littafi, jeri na biyu tayil na shida daga gabas, zan sake duba shi idan damina ta sauka ƙasa ta sha ruwa. Tayil ɗaya da ya rage da ragowar garin ciko na ɗaure su a leda biyu na ajiye a saman kabad, nesa da danshi.